Zaren Katalog a Gonar Baba Ɗanmalam

Duk wanda yas san wurin da ake ɗaure buhunan albasa a Bodinga ya san Maniru Mai Zare, dogon tsohon nan mai farin gemu da ke zama kan benci bakin rumfa, wanda in ka ba shi ajiyar makulli sai shi tambaye ka ina na biyun shike, kuma wa yas san inda shike. Baƙi sun ɗauka wai zaren ɗinki yat taɓa saidawa, ko kusa, mutumin nan ko maɓallin rigatai bai iya ɗinkewa ba. Zaren da anka liƙa mai a suna wani zare ne daban, mai ruwan ƙasa mai ƙyalli, na injin kwamfuta, kuma shi ne yar raba shi da aikin gwamnati, har yau in anka tada maganar sai ka ga ya kau da kai ya ja tsaki.

Zamanin jamhuriya ta biyu ne, lokacin nan da soja sunka miƙa mulki kowa na ganin an shiga daɗi ke nan. Maniru shina saurayi, ya bar sakandare bai ƙare ba don ubanai ya rasu, sai wani kawunai yas samo mai aikin masinja a wani ofishin aikin gona cikin Sakkwato. To ofishin nan ne anka kawo ma wani ƙaton injin kwamfuta daga Turai, ba irin na yanzu ba da ake sakawa aljihu, a'a, wannan ɗaki guda yac cinye, akwatunan ƙarfe tsaye a jere sun fi mutum tsawo, ga sanyi kamar mi, don dole iyakwandishan shi yi ta aiki in ba haka ba injin shi yi zafi shi ɗauke. Gaskiyar magana sanyin nan ne yaf fara jan Maniru, in an aike shi ya dawo jiƙe da zufa sai shi laɓe can ciki kamar mai jiran wani saƙo. Baturen da yaz zo kafa injin da yag ga kullum yaron na nan, kuma hannunai da tsabta, kuma ba shi taɓa abin da ba a ce shi taɓa ba, sai yak koya mai ɗora faifan tef da sauke shi. Faifan nan faɗinai ya kai murfin tukunya, zare ne siriri mai faɗi naɗe a jiki, a kanai injin ke rubuta abin da ake son ajewa. Daga nan Maniru yab bar yawon kai saƙo yaz zama mai tef.

Abin da anka zuba cikin injin kuwa manoma ne, na Bodinga da Sifawa da Shagari da Dandin Mahe har gaba, kowa da sunanai da inda fadamatai take, da irin da anka ba shi bara, da takin da za a ba shi bana, da wanda layi yaz zo kanai na injin ban ruwa. Duk suna kwance cikin wasu faifayen ƙarfe masu juyawa da gudu. Amma fa akwai wani ɗan wuri guda cikin injin da ake ce ma katalog, shi ne yas san inda komi shike, wane bayani na kan wane faifai, daga ina yaf fara, ina yaƙ ƙare, mi ake kiranai. Maniru in shina son mutum shi gane sai shi ce ka ɗauki babbar mota shaƙe da buhunan albasa na mutane daban-daban za ta Kudu, kowane buhu da alamar mai shi, to ruwa shi sauko shi wanke alamun nan kaf. Albasa na nan, ko ɗaya ba ta ɓace ba, amma faɗa mani wannan buhun na wa ne. To katalog shi ne alamun. In ya tafi, manoman na nan cikin ƙarfe amma injin bai san kowa ba.

Shi yas sa Baturen yay yi ta nanata mai har abin yaz zauna mai a kai: kowane mako a kwafe katalog kan tef, kuma kwafin kada shi kwana ɗaki guda da injin, don wutar da za ta ci injin ba za ta bar tef ba. Ofishin ba su da wani gini na ajiya, sai Oga Yahaya, shugaban ɗakin kwamfuta, yac ce Maniru shi dinga tafiya da shi gida tunda kullum Bodinga shike kwana. Tef biyu ne na katalog, ɗaya ofis ɗaya gida. Shi rubuta sabon kwafi kan na ofis shi kai gida, shi dawo da na gida shi jira wani mako, haka dai. Kuma akwai wani zoben roba rawaya da ake maƙalawa bayan faifan, in zoben na nan injin na iya rubutu a kai, in ka cire shi babu mai iya goge abin da ke ciki. Don haka da Maniru ya gama kwafi sai shi ɓalle zoben shi jefa durowa. Faifai mai kyau, mai amana a ciki, shi ne marar zobe. To ku riƙe wannan.

Ana nan sai ƙasa tar rikice, gwamnati tac ce a tsuke bakin aljihu. Kwangilar Bature taƙ ƙare yat tattara yat tafi. Tef ba a shigowa da shi sai da lasin, lasin kuwa ko ƙamshinai ba su ji. Albashi wata shi mutu wani shi kama ba a gan shi ba, janareto na nan zaune babu gas, wuta kuma a kawo a ɗauke kamar ana wasa da makunni. Maniru yay yi ta bin Oga Yahaya shina cewa tef biyu sun yi kaɗan, don duk lokacin da shike rubutu kan na ofis to na gida kaɗai yar rage duniya, a ƙaro ko guda. Oga Yahaya ba mugu ba ne, mutum ne da abin duniya yad dama, sai shi ɗago takardar da ke gabanai shi nuna mai bayanta, wai shi ma sai ya juya baya shike samun wurin rubutu, shi kuma shina mai zancen tef. Faifayen sauran aiki kuwa haka anka yi ta maimaita su har sunka fara mutuwa, wanda yam mutu a yar, Maniru shi tsince shi kai gida don bai iya ganin abin ofis cikin shara.

A lokacin ya yi aure, matatai Atika ɗiyar Baba Ɗanmalam ce, wani dattijo manomin gero a Shagari. Atika ita taf fara samo ma matattun faifayen nan aiki, tana rufe bakin randa da su. Rannan ƙanenta Mode yaz zo, magidanci ne shi ma amma bakinai bai girma ba, yaz zo shan ruwa yaɗ ɗaga murfi yag ga zare na lilo, yaj ja, yag ga shina ƙyalli cikin rana kuma in iska ta buge shi shina wani ɗan kuka. Nan take yac ce wannan ai maganin jan baki ne, tsuntsayen nan ƙanana masu zuwa dubu-dubu su share gonar gero kafin mutum shi gama salati. Yaɗ ɗauka yat tafi da shi Shagari, sunka kafa sanduna sunka miƙa zaren bisa gero, wallahi kuwa tsuntsaye sunka ƙi sauka. Daga shekarar nan duk damina in gero ya fara fidda kai sai saƙo shi zo daga Baba, wai ko akwai zaren nan.

Kuma sai kun san yadda Maniru shike da surukinai. Bai taɓa kallon idon Baba Ɗanmalam ba, tun daga nesa shike tuɓe takalmi shi durƙusa, ba shi cin abinci gabanai, ba shi kiran sunanai, in ya gaishe shi ya gama to magana ta ƙare, duk abin da za shi faɗa sai ta bakin Atika ko Mode. Ga shi kuma tun da albashi yad daina zuwa geron Baba ne ke riƙe da gidanai, Mode shi sauke buhu cikin zaure shi ce wai saƙon Inna ne ga ɗiyarta, don kada mai gida shi ji kunya, kowa kuma ya san gaskiya.

Zancen aikinai kuwa ya gwada yi musu bayani tun farko, yak kawo misalin buhunan albasa da komi, sai Mode yat tambaye shi to shi da injin wa ke yi ma wani bauta, Atika tay yi dariya har tana riƙe ciki. Tun ranar yay yi fushi yad daina. Yas sa tef ɗin katalog cikin adakar ƙarfe ƙarƙashin gado, abin da yac ce mata kawai kada a taɓa, ita kuma ba ta taɓa taɓawa ba.

Daminar da anka yi zaɓe na biyu, saƙon Baba yaz zo kamar kullum, Maniru yas samo wani mataccen faifai yak kawo gida, zobenai ma na jiki don wa zai tsaya cire zoben abin da anka yar. Ɗakin na yoyo, sai yaj jefa shi cikin adakar nan tare da na katalog don kada ruwa shi taɓa. Da safe shina sauri shina tura babur ya ƙi tashi, sai yaɗ ɗaga murya yac ce ma Atika in Mode ya zo ta buɗe adaka ta ba shi mataccen. Ke nan. Bai ce wanne ba, don shi a kanai abin a fili shike kamar rana.

Ranar Alhamis da hantsi ya ɗora tef ɗin ofis ya maƙala zobe, injin na tsakiyar rubuta sabon kwafin katalog, sai ɗif anka ɗauke wuta. Kafin shi kai hannu ga makunni sai anka maido ta da wani irin ƙarfi, fitilu sunka yi fari fat, sai yaj ji ƙara daga akwatin faifayen ƙarfe kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya, sai wari. Da anka buɗe, faifan da katalog ke kai ya karce, zobe-zobe a jikinai kamar an ja ƙusa. Tef ɗin ofis kuwa tsohon kwafi ya goge, sabo bai kai rabi ba, ba shi da amfanin komi.

Oga Yahaya bai yi faɗa ba, yac ce ai don irin wannan rana anka yi na Bodinga, akwai faifan ƙarfe guda na ajiya, a ɗora shi a zuba mai katalog daga tef shi ke nan. Amma da sunka fito baranda sai yar rage murya yag gaya mai abin da ake ciki, wai can sama an daɗe ana hararar ɗakin kwamfuta, ana cewa ba abin da shike yi sai shan wuta da gas, kuma ana maganar rage ma'aikata. Manya za su zo neman bayanin manoman rani don rabon iri da taki, in sunka tarad da injin bai san kowa ba to an samu dalili, za a rufe ɗakin, kuma mai tef shi ne farkon fita.

Maniru yah hau babur yak kama hanyar Bodinga hankali kwance, har shina ɗan jin daɗi ma, yau dai za a ga amfanin jigilar da shike yi ana mai dariya. Yash shiga ɗaki yaj jawo adaka yab buɗe. Faifai guda ne ciki. Yaj juya bayan faifan, ga zobe rawaya na kallonai.

"Atika, ina ɗayan?"

"Ai na ba Mode ran Asabar, yadda kac ce."

"Wanne kib ba shi?"

"Mataccen mana. Ba garaje niy yi ba, Malam, sai da nid duba su da kyau. Wanga zobenai na nan lahiya lau, wancan ko har zoben ya hita ya ɓace. Haka kawai in ɗauki mai lahiya in ba tsuntsaye?"

Yaz zube bakin gado, don in ka bi maganar tata babu karkata ko ɗaya, duk wanda anka aje ma abu biyu iri guda, ɗaya cikakke ɗaya da giɓi, anka ce ba da mataccen, ai mai giɓin za shi bayar. Rubutun da ke jiki kuwa boko ne, ita allo tay yi. Da tag ga yadda yaz zauna bakin gado dafe da kai sai tac ce da ya taɓa gaya mata zancen zoben da ba a yi haka ba. Yac ce ai ya gwada sunka yi mai dariya. Tac ce a'a, katalog yag gaya musu da buhunan albasa, bai taɓa cewa zobe ba. Wannan ma gaskiya ce, shi ne abin da yaf fi ba shi haushi.

Man babur ya ƙare, sai yaf fita bakin titi yat tari akori-kura mai zuwa Shagari, yam maƙale baya tsakanin awaki da buhunan gishiri, duk hanya addu'a guda shike yi, Allah shi sa Mode ya yi lalacin da yas saba, Allah shi sa faifan na nan rataye cikin zaure ba a warware ba.

Tun kafin shi kai gonar yah hango ƙyalli. Gero ya yi kai ya fara ido, sanduna kafe ko'ina, zare miƙe daga wannan zuwa wancan, iska na kaɗa shi shina walƙiya shina kuka a hankali. Can sama ga jan baki sun taso kamar hayaƙi, su nufo gonar, su zo dab, sai su karkata gaba ɗaya su wuce. Abin gwanin kyau. Maniru yat tsaya shina kallon katalog ɗin ofishinsu na korar tsuntsu.

Baba Ɗanmalam na zaune kan buzu gindin wata aduwa, Mode na tsaye gefe. Maniru yat tuɓe takalmi yad durƙusa can nesa, ido ƙasa, yag gaishe shi, ina gajiya, ina ruwa, ya iyali. Tsohon fuska cike da fara'a.

"Allah shi yi ma albarka, Maniru. Wanga na bana ya hi na bara nesa, sabo na ƙal, ko ruwan shekaranjiya bai tsinka shi ba. Har na ɗan yanka ma Malami maƙwabcina shi ma shi samu."

"Madalla, Baba."

"Kuma ba mu yi ɓarna ba. Na sama-sama munka warware, mahi yawa na nan naɗe. In ana bukata wurin aiki ka koma da shi."

Yas sa hannu bayan buzu yaf fiddo faifan yam miƙa ma Mode, Mode yak kawo mai. Da nauyi kuwa, zare cike kusan kamar ba a taɓa ba. To abin da Baba bai sani ba, katalog ɗan ƙaramin abu ne, ba shi cika faifai, kuma injin daga bakin zaren shike fara rubutu, wato daga waje. Duk abin da ke da amfani na cikin na sama-saman nan da anka warware. Wanda yar rage naɗe fanko ne, babu ko harafi. Maniru yar riƙe faifan da hannu biyu yac ce ya gode, Allah shi ƙara girma.

Da sunka zaga bayan gona Mode yad dube shi.

"Injiniya, lahiya? Na ga huskarka awa wanda kunama tah harba cikin sahu."

Maniru yaz zayyana mai komi, wannan karon har da zobe. Mode yaɗ ɗaga kai yad dubi zaren da ke lilo bisa kansu.

"Wai duk manoman ƙasar ga suna bisa igiyar ga?"

"Ba su ba, alamunsu."

"Har da Baba?"

"Har da shi."

"Shi yas sa tsuntsaye ka gudu, sun ga sunan Baba."

Maniru bai yi dariya ba, Mode ma da yaj ji zancen kora sai yab bar wasa. Sunka tsaya shawara, wa za shi gaya ma tsoho. Maniru dai ko da wuƙa a wuya ba shi iya tsayawa gaban surukinai shi ce abin da kas sa ma albarka shi ne yak kashe mani aiki. Mode kuma yac ce shi ma ba shi faɗi, don ya san halin ubanai, in yaj ji zai tsinke zaren nan duka da hannunai shi bar ma tsuntsaye geron, shi daina cin abinci don kunya, sannan shi aika a kira Atika ta zo ta yi bayani. Geron nan kuwa shi ne tuwon gidan Maniru. Sai sunka bari har Baba yat tashi yat tafi gida sallar azahar da hutawa, Mode yac ce ma tsohon za su ɗan gyara sanduna, sunka shiga kwance na farkon suna musanya shi da fankon da ke kan faifai, tunda tsuntsu bai san bambanci ba.

Nan ne Maniru yag ga tashin hankali da idonai. Zaren an yanyanka shi, an ƙulla shi jikin sanduna ƙulli mai kyau irin na manomi, iska ta murɗe shi kamar igiyar guga, rana ta gasa shi ya yi lanƙwasa, ga kashin tsuntsu. Bakin zaren na can farko, mai ɗan farin ƙarfe da injin ke gane mafari da shi, Baba ya yanke shi daban ya ɗaura kan sanda mafi tsawo don ya fi ƙyalli. Na wurin Malami sai da Mode yay yi ta lallashi, mutumin na cewa ina aka taɓa karɓe kyauta, har sai da anka ba shi wanda yan ninka nashi tsawo. Kuma wane yanki ke bin wane? Mode yac ce daga gabas sunka fara, can kuma yac ce a'a kamar daga wajen suri, sunka yi ta gardama cikin rana. Wanda yas san jerin sarai shi ne Baba, don shi yat tsaya yan nuna inda za a ɗaura kowane, shi kuwa ba a iya tambaya. Maniru shina naɗewa a hannu shina lallaɓawa, can yad dubi yatsunai yag ga sun yi ruwan ƙasa, fatar zaren ce ke barewa tana liƙe mai, wato abin da yaz zo ceto ne ke fita a hannunai. Yag goge jikin wando, yac ci gaba da naɗi.

Washegari da sassafe shina ofis. Oga Yahaya yad dubi tarin zaren, yat tambayi mi yaf faru, Maniru yaf faɗa mai gaskiya tun daga randa har aduwa. Mutumin yay yi dariya har yac cire tabarau shina share hawaye, sannan yad daina da yat tuna shi ma ɗakin nan ne abincinai. Shi da kanai yar riƙe bakin zaren Maniru na haɗawa da salatef, yanki bayan yanki, bisa jerin da sunka yi zato. Sunka ɗora. Injin yaz zuƙi zaren, faifai yaj juya, sai ga na'urar bugawa ta buga layi guda, sunan katalog da kwanan watan da anka kwafe shi. Maniru har ya fara hamdala. Da zaren yak kai mahaɗi na farko sai faifan yat tsaya, yak koma baya, yad dawo, yak koma, kamar jaki bakin rafi, sai tas yat tsinke, jar fitila tak kama. Sunka sake liƙewa, sunka juya yankin, sunka musanya shi da wani, layin nan guda dai shi ne kullum, har bakin da ke karanta zaren yad dafe da ruwan ƙasa, Oga yar riƙe mai hannu yac ce ya isa, kada su kashe wannan ma.

An ce akwai wani a Legas mai iya bin faifayen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya shi sake gina katalog da hannu, Oga Yahaya yay yi ta hawa bene shina sauka neman a yarda a kawo shi, kullum a ce shi dawo gobe. Manya sunka zo neman bayanin manoman rani ba su samu ba, anka koma rabo da hannu, wanda yas san wani shi samu. Injin na nan lafiyatai lau, manoma na ciki cif, ba mai iya kiran ko ɗaya. Ƙarshen shekara soja sunka karɓe mulki, ba a jima ba anka fara sallamar ma'aikata, Maniru na cikin na farko kamar yadda anka faɗa mai. Anka rufe ɗakin da kwaɗo, iyakwandishan ɗin ma anka cire anka kai wani ofis.

Geron Baba Ɗanmalam kuwa shekarar nan da ruwa yay yi gardama, gonaki da yawa tsuntsu ya gama da ɗan abin da yaf fito, nashi ya tsira. Sai ga Mode da akori-kura ƙofar gidan Maniru, damman gero sun fi na kowace shekara, wannan karon kuma ba a ce saƙon Inna ba ne, Baba yac ce a faɗa mai rabon zare ne. Mode ya sauke ya gama shina ta sosa ƙeya, Maniru yac ce faɗi mana, sai yac ce wai Baba ya ce in Allah ya kai mu baɗi a samo mai irin na bana, marar zoben nan, ya fi ƙarko.

Geron nan sunka ci har wata damina, Maniru na kai loma shina jin haushi shina kuma ƙoshi. Yak karɓi aron fadama wajen Sifawa yaf fara albasa, daga nan yak koma saye da ɗaurawa, alamar buhunai kuwa gefe biyu shike zana ta, har cikin buhu shike jefa wata. Baba Ɗanmalam har yab bar duniya abin da yas sani soja ne sunka kori surukinai kamar yadda sunka kori kowa, kuma duk wanda yaz zauna da shi sai ya ji labarin zaren da mijin Atika yak kawo mai shekarar jan baki. Daga bakinai ne ma sunan Mai Zare yaf fito.

Yanzu irin albasa kashi biyu Maniru ke yi mai, rabi gidanai rabi gidan ƙanenai can wata unguwa, kuma ba shi fita sai ya zaunar da Atika ya nuna mata wanne ne na shuka wanne ne na bayarwa, shi sa ta maimaita mai. Ita kuma tsohuwa yanzu, haƙora sun zube amma bakin na nan, sai ta bari ya gama tsaf ya kai ƙofa ya sa takalmi ɗaya.

"Malam, to in Mode ya zo, mai zobe za ni ba shi ko marar zobe?"

Shi dai tsaki shike ja, shi sa ɗayan takalmin shi fita.